Ramin da ke Bayan Jinga

Ƙarar ta zo gaban Mai Shari'a Ummussalma Safiyanu ne a tsakiyar bazara, lokacin da aka gama yankan alkama a fadamun Haɗeja. Da ta karanta takardun, ta ɗauka magana ce ta zama biyu ko uku. Masu amalanken shanu ne su goma sha ɗaya suka kai ƙarar ƙaramar hukumarsu, Tsamiyar Gulbi, a kan shara.

A garin nan, tun kafin a haifi kowa a cikinsu, masu amalanke ne ke bin unguwa unguwa suna kwashe bola. Toka, kashin awaki, sharar tsakar gida, ɓuntun shinkafa daga injina, duk su loda su kai gonakin tudu su zube tsibi tsibi kafin ruwa ya sauka. Mai gida ya rabu da datti, manomi ya sami taki, mai amalanke ya sami na cefane. Sai dai sharar yanzu ba irin ta da ba ce. Leda ta fi toka yawa, ga mataccen batir, ga allurar kemis. Shanu na haɗiyar leda a gona su kumbura su mutu. Bara waccan kuma amai da gudawa ya shiga garin, aka yi sati uku ba a rufe ƙofar maƙabarta ba. Bayan nan ne kansiloli suka zauna suka yi doka: duk sharar garin, ko ta wace iri ce, rami guda za a kai ta, wanda hukuma ta keɓe. Wanda aka kama ya nufi gona da ita, a ƙwace amalankensa.

Inuwa, shugaban masu amalanken, shi aka fara kamawa. Aka kwance masa shanu a bakin hanya, aka ja amalanken zuwa harabar sakatariya, inda take har ranar da aka fara zama.

Lauyansu, Barista Haris, ya yi magana mai ratsa jiki. Ya ce tsarin mulkin ƙasa ya kare dukiyar mutum da hanyar cin abincinsa, kuma ikon kwashe shara ba ikon mallake ta ba ne. Ya ce ramin ma a ƙwari yake, dab da kogi. Ya roƙi kotu ta soke dokar gaba ɗaya.

Lauyan ƙaramar hukuma, Barista Rilwanu, dattijo ne mai sanyin murya. Bai yi dogon bayani ba. Ya buɗe Jadawali na Huɗu na tsarin mulki, ya nuna inda aka lissafa zubar da shara cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Sannan ya ɗauko wani littafin hukunce-hukunce, ya gyara tabarau.

"Ya Mai Shari'a, zan karanta wasu layuka, in kotu ta yarje mini. 'Abin da tsarin mulki ya damƙa wa ƙaramar hukuma, ba aikin kotu ba ne ta auna ko an yi shi da hikima ko da wauta. Tambayar kotu ɗaya ce: akwai ikon ko babu? In akwai, masu zaɓe ne za su hukunta wauta, ba alƙali ba.'"

Ummussalma ba ta ɗaga kai daga rubutun da take yi ba. Ta san layukan. Ita ta rubuta su shekara shida da suka wuce, a wata shari'a da wata hukumar jiha ta nemi ƙwace aikin shara daga hannun wata ƙaramar hukuma. A lokacin ta yi alfahari da su. An ɗaukaka ƙara, kotun sama ta tabbatar da hukuncin, har ta kwafi layukan nan ta mayar da su nata. Tun daga ranar suka fi ƙarfinta. Ko ta so ta ce ta sake tunani, maganar ba tata ba ce kuma, ta na sama da ita ce, wajibi ne ta bi.

"Kotu ta san hukuncin," ta ce. "Ci gaba, Barista."

A zama na uku Haris ya ce zai kawo injiniya ya yi bayanin yadda ruwa ke bi ta wurin. Aka jira har sha ɗaya da rabi. Injiniyan ma'aikacin gwamnati ne, ya kashe wayarsa. Haris ya share gumi, ya roƙi kotu ta je ta gani da idonta. Rilwanu bai ja ba.

Suka tafi ranar Laraba da hantsi, mota uku. Daga kwalta suka sauka kan jinga, doguwar ganuwar ƙasar nan da aka yi don tare ambaliya. Hannun dama kogi ne, ya janye ya bar yashi, ciyawar kacala ta cike bakinsa kore shar har ba a ganin ruwan sai ɗan tsakiya. Hannun hagu ramin ne. Daga nan aka ɗebi ƙasar da aka yi jingar, shi ya sa ya yi zurfi da faɗi haka. An kewaye shi da waya, an kafa allo, har da ɗakin maigadi. Ba aikin ganganci ba ne, an kashe masa kuɗi. Shara ta riga ta kai kusan rabi, hayaƙi na tashi daga gefe ɗaya, balbelu na bin amalanke biyu da ke juyewa.

Bayan ramin kuwa, ƙasa ta shimfiɗe har iya ganin ido. Fadamar shinkafa ce, gonaki a jere suna jiran damina.

Ummussalma ta tsaya riƙe da littafinta. Ta san wurin nan. Kakarta ta wajen uwa a wani ƙauye take can bayan fadamar, kuma tana yarinya, in hutun damina ya zo, a kwalekwale ake kai su. Ta tuna mai fito yana tura gora ta tsakanin giginyun nan uku da ke tsaye yanzu a bakin wayar. Ta dubi jikinsu. Akwai zobe fari fari a kan kowace, sama da tsayin namiji.

"A rubuta cewa kotu ta ga alamar ruwa a jikin giginya uku," ta ce wa magatakarda.

Rilwanu ya matso cikin ladabi. "Ya Mai Shari'a, a ƙara da cewa ba wanda ya shaida wa kotu shekarar alamar. Kuma an ƙara wa jingar tudu bayan ambaliyar ƙarshe."

Gaskiya ya faɗa. Ta ce a rubuta.

Inuwa na tsaye can gefe da hularsa a hannu, dogo ne siriri, tafin hannunsa duk kanta. Ya kasa haƙuri.

"Ranki ya daɗe, ai ke ba baƙuwa ba ce. Jikar Inna Yelwa ce ke, kowa ya sani. Kin san ruwan nan in ya zo ba ya tambayar jinga."

"Malam Inuwa," ta ce, "lauyanka ne zai yi magana a madadinka."

"To ai ke ma kin sani."

"Barista Haris, ka ja wa wanda kake wakilta kunne."

Haris ya kama hannunsa ya ja shi baya. Inuwa ya mayar da hularsa, ya juya musu baya yana kallon kogi.

A mota tana komawa, ta sake buɗe takardar ƙarar, ko da ta san abin da ke ciki. Ba inda aka roƙi kotu ta sa a ɗauke ramin daga wurin. Abu ɗaya suke so, a soke doka su koma kai taki gona. Ko da an mayar da ramin kan tudu mafi tsawo a ƙasar Haɗeja, su dai sun yi asara. Waɗanda ruwa zai kai wa leda da allura cikin shinkafarsu kuwa, manoman fadamar can, ba ko ɗaya daga cikinsu a gabanta. Ba su kai ƙara ba, mai yiwuwa ba su ma san ana yi ba. Kuma alƙali ba ya fita ya nemo wa kansa masu ƙara, ba ya raɗa wa lauya abin da ya kamata ya roƙa. Abin da ta sani tun tana shekara tara, doka ba ta ɗauke shi sani ba, sai wani ya tsaya a akwatin shaida ya rantse ya faɗa.

Ta gwada hanya ɗaya da ta rage. Ta kira lauyoyin biyu ofishinta, ta tambaye su ko akwai ƙofar sulhu. Haris ya ce mutanensa za su yarda a tace shara, su ɗauki mai ruɓewa su bar leda. Rilwanu ya ce zai kai saƙo. Bayan sati biyu ya dawo, ya zauna a kujerar da ke gabanta kamar wanda ya yi doguwar tafiya.

"Shugaban hukuma ya ce a'a. Ya ce 'yar ƙanwarsa na cikin waɗanda aka binne a annobar. Ya ce in ya buɗe ƙofa kaɗan, gobe kowa zai ce tasa sharar mai ruɓewa ce. Kuma ba su da wani filin, sauran duk gonakin mutane ne." Ya cire tabarau ya goge. "Ni ma na je wurin, Ya Mai Shari'a. Ina da idanu. Amma ba a kan ramin aka yi ƙararmu ba."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta je gaida mahaifinta, kamar kullum. Malam Safiyanu ya yi shekara talatin yana alƙalanci a kotunan shari'ar Musulunci na ƙauyukan fadama kafin ya yi ritaya. Idonsa ya yi rauni, amma rediyo ba ta barin gefen buzunsa, kuma ba abin da ke faruwa a garin da ba ya zuwa zaurensa. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka bai taɓa kiran sunanta ba.

"Uwata, na ji an kai ki kallon bola."

"Baba, ka san ba zan yi maganar ba."

"Ban ce ki yi ba. Ni zan yi, ke ki ci dabino." Ya tura mata faranti. "A zamaninmu, da irin wannan ta zo mini, sai in tara su duka, mai amalanke da mai gona da dagaci, in ce ga cuta a fili, a kawar da ita. Ba na tambayar wa ya shigar da takarda. Ana naɗa alƙali ne don a kawar da cuta."

Ta yi niyyar yin shiru, sai ta kasa. "In kuma alƙalin ne bai ga daidai ba fa, Baba? Wa zai tsayar da shi? Kansila in ya yi wauta, shekara uku a kayar da shi. Mu ba wanda ya zaɓe mu. In na ce yau na fi su sanin abin da ya dace da garinsu, gobe wani alƙalin zai faɗi haka, kuma shi ba kwalekwale ya tuna ba, ambulan aka kai masa."

Tsohon ya gyara zama. Ya lalubi carbinsa.

"Akwai wani tafki wajen Baturiya," ya ce. "Masunta da makiyaya suka yi rigima a kansa. Na je na gani da idona, na ga masuntan talakawa ne tilis, na ba su. Na kwana da farin ciki. Ashe shi kaɗai ne mashayar da ta rage a wannan yankin. Da rani ya yi tsanani, makiyayan suka faɗa wa lambunan mutane don su kai ga kogi. An rasa rai biyu." Ya ja numfashi. "Ba wanda ya taɓa ce mini laifina ne. Ni dai na sani."

"To ka gani."

"Na gani. Amma kar ki ɗauka taki hanyar ba ta kashe mutum. Tana kashewa. Bambancin kawai, ke za ki iya cewa ba ke ba ce."

Daga nan ya shiga tambayarta labarin yara.

Asabar da Lahadi ta yi su a ofis, ita kaɗai, fanka na juya zafi. Ta rubuta hukunci iri biyu. A na farko ta soke dokar. Ta jingina da haƙƙin rayuwa, ta ce hukumar da ta tara guba a hanyar ruwa ta wuce iyakar ikonta. Ya yi daɗin karantawa. Da ta sake bin sa a matsayin alƙalin kotun sama, bai kai shafi uku ba ya rushe: ba shaidar masani, ba a roƙi wannan ba, kuma ya ci karo da hukuncin da ya ɗaure ta. Za a soke shi cikin shekara guda, a kira sunanta a yi mata faɗa a rubuce. Wannan bai dame ta ba kamar ɗayan abin: ita kanta ba ta yarda da shi ba. In an soke dokar, ramin na nan da abin da ke cikinsa, leda da allura kuma su koma gonakin tudu inda yara ke tsince tsince. Ta yaga shi ta zuba a kwando.

Na biyun, wanda ya bar dokar a tsaye, ta bi shi kalma kalma tana neman inda zai ɗan saki. Ta sami wuri ɗaya. Tsarin mulki ya ce shara. Abin da mai shi bai yar ba, ba shara ba ne. Kashin shanun da mai turke ya tara da niyyar taki, da ɓuntun da mai inji ya ware wa manomi ko mata masu turara shinkafa, dukiya ce, ikon hukuma bai kai kanta ba. Ta duba rahoton kamun Inuwa: ranar da aka tare shi, takin turke ne zalla a amalankensa. Ta yi ajiyar zuciya. Ƙofa ce, amma ƙarama ƙwarai. Kashi uku cikin huɗu na abin da suke ɗauka bolar unguwa ce.

A kan ramin ta rubuta shafi guda cur, ta karanta, ta ga shaida take bayarwa, ba hukunci ba. Ta rage shi zuwa sakin layi. Ta sake ragewa. Abin da ya tsira layi biyu ne: kotu ta ga alamar ruwa a wurin, kuma ko da yake batun ba ya gabanta, tana fatan hukuma za ta duba.

Ranar hukunci kotu ta cika, har da masu tsayuwa a taga. Ta karanta da Turanci, tafinta na mayarwa da Hausa. Doka ta tsaya. Taki da ɓuntun da mai shi ya bayar da hannunsa ba sa cikinta. A mayar wa Inuwa amalankensa cikin kwana bakwai. Da tafinta ya kai nan, wasu daga baya suka fara kabbara, sun ɗauka sun ci. Haris ya juya ya yi musu bayani ƙasa ƙasa, sai murnar ta mutu a hankali, layi bayan layi. Inuwa bai motsa ba. Da ta miƙe kowa ya miƙe, shi ma ya miƙe, ya rusuna kamar yadda ake yi, ya fita.

Ba su ɗaukaka ƙara ba. An ce amalanken da aka mayar wa Inuwa tayoyinta sun tsage saboda zaman rana. Mutum huɗu cikin sha ɗayan suka sayar da shanunsu kafin Babbar Sallah, biyu suka tafi Kafin Hausa dako a kasuwa. Sauran suka koma kai shara ramin, hukuma na biyansu a kan kowane sawu.

Damina ta sauka. Tun daga watan Agusta Ummussalma ta sa direbanta ya riƙa bi da ita ta kan gada kowace safiya, ko da yake hanyar ta fi nisa. Ba ta taɓa gaya masa dalili ba. Takan sauke gilashi ta dubi ƙafafun gadar, ta ƙirga tubalan da suka rage a saman ruwa. A farkon Satumba ruwa ya taho daga yamma, ja wur, yana ɗauke da kacala tsibi tsibi. Kwana tara yana hawa. Ta daina cin abincin rana. Wani ɗan sandan kotu da gidansu ke Tsamiyar Gulbi ya ce saura kamu biyu ruwan ya shafe kan jinga, samari na ta jera buhunan yashi.

A rana ta goma ruwan ya tsaya. A ta sha biyu ya fara ja da baya.

Shinkafa ta yi kyau a shekarar. Amai da gudawa bai dawo ba. Shugaban hukuma ya yi hira a rediyo ya ce masu cewa ramin zai cika da ruwa sun ji kunya, ya gode wa kotu. Kafin ƙarshen shekara ƙananan hukumomi uku na bakin kogin suka kwafi dokar, kusan kalma da kalma, kowace kuma ta nemi ramin da aka ɗebi ƙasar jinga, tun da shi ne filin da ba mai shi. Layuka biyun nan nata ba wanda ya kwafa.

A watan Janairu magatakarda ta shigo mata da wasiƙa. Gayyata ce zuwa taron ƙara wa juna sani na alƙalai a Abuja. Suna so ta gabatar da maƙala a kan hukuncin Tsamiyar Gulbi, a matsayin misalin yadda alƙali ke kame kansa ya tsaya inda doka ta tsayar da shi. Sababbin alƙalai sittin ne za su saurara.

Ta karanta sau biyu. Ta nemi abin da za ta ce musu wanda ba gaskiya ba ne a cikin hukuncin, ba ta samu ba. Ta nemi dalilin da za ta bayar na ƙin zuwa wanda za a iya rubutawa a takarda, shi ma babu.

"Me zan amsa musu, ranki ya daɗe?" in ji magatakarda.

"Ki ce zan zo."

Ta ɗauki baƙar rigarta daga jikin ƙofa ta saka, ta gyara farin wuyan a gaban madubi.

"Shari'a nawa muke da su yau?"

"Sha huɗu."

"To, mu shiga."